Intalok ɗin gidana ya yi ciyawa, ya yi baƙi, ya fara lotsawa

Tambaya: Shekara uku ke nan da aka shimfiɗa mini intalok a farfajiyar gida. Yanzu ciyawa ta fito a tsakanin tubalan, ɓangaren da ke cikin inuwa ya yi kore yana santsi, ga tabon baƙin mai inda nake ajiye mota, wurin kuma ya fara lotsawa. Ina shirin sa a wanke shi da injin feshin ruwa mai ƙarfi, sannan a cike tsagogin da siminti don in huta da ciyawa. Hakan ya yi?

Amsa: Malam, wankin yana da hanyarsa, zan kuma faɗa maka yadda ake yi. Simintin kuwa ina roƙonka ka cire shi daga lissafi gaba ɗaya. Na daɗe ina shimfiɗa intalok, ina kuma gyara wanda wasu suka shimfiɗa, kuma yawancin farfajiyoyin da aka kira ni in ceto a wajen gyara suka lalace. Mai gida ya ga datti, ya ɗauko abin da ya fi ƙarfin dattin, garin neman gira aka rasa ido.

Ka fara sanin abin da kake takawa. Intalok tubala ne ɗaiɗaiku, babu abin da ya manne wannan da wancan. Suna zaune a kan shimfiɗar yashi mai kaurin kamar santimita 3 zuwa 4, ƙarƙashin yashin kuma akwai dakakken dutse da aka danne da inji, wanda a inda mota ke hawa ake so ya kai santimita 10 zuwa 15, ko fiye idan ƙasar mai taushi ce. Tsakanin kowane tubali da maƙwabcinsa akwai tsaga ta milimita 2 zuwa 5 cike da busasshen yashi. Wannan ɗan yashin da ido ke rainawa shi ne ƙarfin daɓen duka. Idan tayar mota ta hau tubali ɗaya, yashin da ya matse a tsagar ne ke raba nauyin ga tubalan da ke kewaye, su ɗauka tare. Ranar da tsagar ta zama fanko, kowane tubali ya koma ɗaukar kayansa shi kaɗai. Sai ya fara motsi, ya karkata, bakinsa ya gogi na kusa da shi ya ɓantare, ruwa kuma ya samu ƙofar gangarawa ƙasa.

Ba banza ba wannan fasaha ta bunƙasa a ƙasar Holan bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙasarsu tana nutsewa a hankali, shi ya sa tun da can suke shimfiɗa tituna da gasasshen tubalin yumɓu, wanda ake ɗagawa a gyara ƙasa a mayar. Da tubalin ya yi ƙaranci saboda sake gina gidaje, sai suka koma yin na kankare. Tun asali daɓe ne da aka yi domin ya ɗan motsa ya bi ƙasa ba tare da ya tsage ba. To ka zuba siminti a tsaga mai faɗin milimita 3, wane ƙarfi zai yi? Mota ta hau sau kaɗan ya farfashe, ƙura ta cika inda ya fashe, ciyawar ta dawo abinta. Ka kuma rasa babbar fa'idar intalok, wato a ɗaga tubali ashirin a gyara bututun ruwa a mayar da su kamar ba a taɓa ba. Ga tabon simintin da zai bushe a fuskar tubalan, wanda fitar da shi ya fi cire ciyawar wuya nesa ba kusa ba.

Ita ciyawar, mutane da yawa sun ɗauka daga can ƙasa take hudowa. Ka tsuguna bayan an ɗauke ruwa, ka kama guda ɗaya ka ja a hankali, ka duba saiwar. Za ka ga gajera ce, ta baje a tsaye bisa siffar tsagar kamar an danne ta a cikin littafi, ta riƙo wata baƙar laka mai laushi. Wannan lakar ba ita magini ya zuba ba. Ƙura ce da ruɓaɓɓen ganye da suka taru a bakin tsagar, iska da tsuntsaye suka kawo iri suka ajiye a kai. Ke nan gonar a sama take, kuma tsintsiya ce maganinta. Shara da buroshi mai tauri sau ɗaya a mako ta fi kowane magani da za ka saya, domin tana kwashe lakar tun ba ta taru ba, tana kuma karya tsiron tun yana ganye biyu. Akwai dai masu taurin kai, irin su kiri-kiri da aya-aya, waɗanda ke rarrafowa daga gefen lambu ko su huda daga ƙasa. Su kam tsinke kansu ba ya kashe su, kashe maciji ne ba a sare kai ba.

Wadda ta riga ta girma, ka bi tsagogin da wuƙa mai lanƙwasasshen baki ko siririn buroshin waya ka kankare ta tare da lakarta. Tafasasshen ruwa yana kashe ƙanana, ka dai kiyaye ƙafarka da yara. Masu saiwa mai zurfi sai maganin feshi irin gilaifoset, wanda ta koren ganye yake shiga ya gangara saiwa, don haka kada ka yanke ciyawar kafin feshin. Ka zaɓi ranar da babu iska kuma ba a sa ran ruwa, ka bi ma'aunin da ke jikin kwalbar, ka jira mako ɗaya zuwa biyu ta bushe kafin ka kankare. Abu biyu nake hana mutane da babbar murya: gishiri da tsohon baƙin mai. Gishiri yana cin fuskar kankare a hankali, ruwa kuma ya wanke shi zuwa gindin shukokinka ya kashe. Baƙin mai kuwa ka sayi tabo da hannunka ke nan, ka kuma gurɓata ƙasar gidanka.

Koren da ke ɓangaren inuwa gansakuka ce, kuma ka ɗauke ta da muhimmanci, domin santsinta yana kayar da tsoho da yaro. Inuwa da danshi take so. Kafin ka nemi magani ka nemi abin da ke jiƙa wurin: famfo mai ɗiga, ruwan na'urar sanyaya ɗaki, indararo mai zuba kai tsaye, ko reshen da ya hana rana sauka. Idan ba ka gyara wannan ba, bayan wata biyu za ka sake wankin. Wajen kashe ta kuwa, bilic na wanki ya isa. Ka haɗa kashi ɗaya da ruwa kamar kashi biyar, ka fara gwadawa a wani lungu, ka jiƙa shukokin da ke kusa da ruwa zalla tukuna, ka zuba da safe ko da yamma lokacin da daɓen bai yi zafi ba, ka bar shi minti 15 zuwa 20, ka goge da buroshi, ka ɗauraye sosai. Ka sa safar hannu ta roba da abin kare ido. Kada ka taɓa haɗa bilic da asid kowane iri, har ruwan tsami na kicin da na wankin banɗaki, domin haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Haka ma duk abin wanki mai amoniya. Na san masu cewa a haɗa biyu zai fi ƙarfi. Wannan ganganci ne da rai.

Tabon mai shi ne wanda ba zan yi maka alkawari a kansa ba. Kankare yana da ƙananan ƙofofi, yana shan mai kamar soso. Idan sabo ne, kada ka goga, gogawa tura shi ciki take yi. Ka rufe shi da garin katako ko busasshen yashi ka bar shi ya kwana, ka share, sannan ka zuba sabulun wanke-wanke mai kauri ko maganin narkar da maiƙo, ka goge da ruwan zafi. Za ka maimaita sau uku ko huɗu. Kada ka sa fetur ko kananzir, suna narkar da man ne su ƙara nutsar da shi su faɗaɗa tabon, ga haɗarin gobara. Tabon da ya shekara kuwa zai dusashe amma da wuya ya ɓace. Nan intalok ya fi kowane daɓe sauƙin hali: ka ciro tubala biyar ko shidan da suka ɓaci, ka musanya su da na wani lungu da ba a gani, kamar bayan tankin ruwa. Wasu suna kifa tubalin su mayar da ƙasansa sama. Ba kullum yake yi ba, saboda yawancin tubala fuskarsu ce kawai aka gyara, ita ke da launi mai kyau da daddatsen gefe, wato bakin da aka ɗan datse a karkace. Sannan a kai motar wajen makaniki, kafin nan a ajiye faranti ƙarƙashin injin.

Tunda mun taɓo asid, bari in tsaya a kansa kaɗan, domin za ka samu wanda zai ba ka shawarar a watsa shi daɓen ya dawo sabo fil. Zai yi haske a ranar, gaskiya ne, saboda asid ɗin ya cinye fatar simintin ta sama. Abin da ya rage shi ne fuska mai kaushi, tsakuwa a waje, launi ya koɗe, datti kuma ya fi kama ta fiye da da. Wanda ya fi jawo wannan kuskure shi ne farin hoda da ke fitowa a kan sababbin tubala. Ba lalacewa ba ce. Idan siminti yana ƙanƙamewa yana samar da wani sinadari mai suna kalsiyam haidroksaid, danshi ya ɗauko shi zuwa sama, ya haɗu da iskar kabon dayoksaid ya zama farin alli. Ruwan sama da takawa suna cinye shi da kansu cikin watanni, wani lokaci har shekara ɗaya ko biyu. Idan ka sa sababbin tubala wajen gyara ka ga sun yi fari, buroshi busasshe da haƙuri kawai suke so. Tsatsar da ƙafar kujerar ƙarfe ko takin lambu mai sinadarin ƙarfe ke bari ita ma bilic ba ya fitar da ita. Akwai maganin tsatsa da aka yi domin kankare, a ɗiga shi a kan tabon kaɗai bayan an jiƙa wurin, a ɗauraye da wuri.

Yanzu injin feshin ruwa. Ba na hana shi, amma sau ɗaya a shekara ya isa, sau ɗaya a shekara biyu ma ya fi idan ana shara. Ƙananan injinan gida suna ba da matsi kamar 100 zuwa 150 a ma'aunin matsi da ake kira "bar", wanda ya wadatar ƙwarai. Ka sa bakin da ke baza ruwa kamar mafici, kada ka sa mai tsinin allura ko mai juyawa, waɗannan suna zana layi a jikin tubali da ba ya gogewa. Ka riƙe bakin kamar santimita 30 daga ƙasa, a karkace, ka riƙa ratsa tsagogin a kaikaice. Kada ka bi tsaga a miƙe kana haƙe ta, domin idan ka ga ruwan ya fara fitowa da yashi mai kauri kala daban, ka isa shimfiɗar da tubalan ke zaune a kai, ka fara rushe daɓen daga tushe. Idan za ka samu faifan nan mai murfi da ake ɗaura wa injin yana juyawa a ciki, ya fi, yana wanki bai ɗaya kuma ba ya kwashe yashi da yawa. Ka fara daga sama ka gangara inda ruwa ke bi, ka toshe bakin magudana da buhu ko raga don kada yashin ya cika ta.

Duk yadda ka yi a hankali, yashi zai fita. Mayar da shi shi ne rabin aikin, kuma shi ne rabin da masu wanki suke tsallakewa. Ni ma na taɓa yin sakaci da shi ina sabon hannu. Na wanke wata farfajiya tas, na ce zan dawo bayan kwana biyu in zuba yashi idan ta bushe. Ruwa ya tsuge kwana da kwanaki, ban koma ba sai bayan mako biyu, mota kuma tana shiga tana fita. Da na taka bakin ƙofa sai na ji tubalin ya yi ƙwas a ƙarƙashin ƙafata, ruwan laka ya tsarto ta tsagar ya ɓata mini wando. Na bi layin taya, duk haka suke, suna rawa ɗaya bayan ɗaya. Sai da na ɗaga wurin gaba ɗaya na sake shimfiɗa da kuɗina. Tun daga ranar ba na kunna inji sai yashin yana ajiye a gefe, kuma na tabbatar za a samu kwana biyu ko uku na rana. Kai ma kada mota ta hau tsakanin wanki da zuba yashi.

Yashin da ake so shi ne mai tsabta, mai ƙananan ƙwayoyi, busasshe ƙarau, wanda idan ka damƙa ka buɗe hannu zai zube ta tsakanin yatsu kamar ruwa. Akwai wanda ake busarwa a masana'anta a sayar a buhu domin wannan aikin. Idan ba ka samu ba, ka tankaɗe yashi mai kyau ka shanya a kan leda har ya bushe. Ka gwada shi a kwalbar ruwa: ka girgiza, idan ruwan ya daɗe a gurɓace, akwai laka a ciki, kuma laka abincin ciyawa ce. Daɓen ma sai ya bushe har cikin tsagogin, in ba haka ba yashin zai maƙale a baki ya bar rami a ƙasa. Ka baza shi, ka share da buroshi mai laushi a kaikaice, gaba da baya, har tsagogin su daina sha. Idan da hali a bi da injin daɓe mai shimfiɗar roba a ƙasansa domin yashin ya zauna, a ƙara wani. A ƙaramin wuri bubbuga tubalan da gudumar roba ya wadatar. Ka tsaya daidai ƙasan daddatsen gefen tubalin, kada ya cika har sama. Bayan mako biyu ko uku zai sauka, ka ƙara. Gargaɗi ɗaya a nan: akwai intalok da aka yi musamman domin ruwa ya riƙa nutsewa ta cikinsa, za ka gane shi da faffaɗan tsaga cike da ƙananan tsakuwa. Shi ba a zuba masa yashi, toshe shi zai yi. Irin tsakuwarsa ake mayar masa.

Lotsawar ita ta fi damuna a duk abin da ka lissafa, domin sauran a fuska suke, ita kuwa daga ciki ce. Ka ɗora miƙaƙƙen katako a kan wurin ka ga zurfin ramin. Idan ya kai santimita 1 ko ruwa yana kwana a ciki, lokacin gyara ya yi, kuma kowace damina ƙara shi za ta yi. Ka ɗauki hoton tsarin tukuna. Ka kankare yashin da ke kewaye da tubali ɗaya, ka sa sukudireba biyu masu faɗin baki ta ɓangarori biyu, ka riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan kana jijjigawa. Na farkon ne mai wuya, wani lokaci sai an fasa shi. Sauran da hannu za su fito. Ka ɗaga har layi biyu bayan inda lotsawar ta tsaya, sannan ka tsaya ka karanta abin da ke ƙasa.

Idan yashin a jiƙe yake sharkaf alhali an kwana biyu ba a yi ruwa ba, ka nemi bututun da ya fashe. Idan ka ga ƙananan hanyoyi da ramuka, tururuwa ce ke kwashe yashin, ita ce ke tara ɗan tudun nan da kake gani a bakin tsaga da safe, sai an kashe gidanta. Idan saiwar bishiya ce, a yanke a sa shamaki. Idan kuwa ka kwashe yashin ka tarar da jar ƙasa ko ɓaraguzan gini a maimakon dakakken dutse, to tun ranar shimfiɗa aka cuce ka, kuma ƙara yashi a sama ba zai yi komai ba, yashi mai kauri ma shi ne ke ƙara lotsawa. Sai a haƙe, a zuba dutse kashi-kashi ana dannewa da inji, a baje sabon yashi, a mayar da tubalan su ɗan ɗara na kusa da su da milimita kaɗan, a danne su sauka daidai. Ka kuma auna kaurin tubalin tunda yana hannunka. Milimita 60 shi ne na ƙananan motoci, inda babbar mota ke shiga kuwa 80 ake so. Idan siriri aka sa maka, ka hana tankar ruwa da motar yashi shiga farfajiyar.

Ka zagaya ka duba bakin daɓen ma. Layin ƙarshe dole ya jingina da wani abu mai ƙarfi, ko bango ko dakalin kankare da aka kafa da siminti. A nan ne kaɗai siminti yake da gurbi a wannan aikin. Idan gefen ya buɗe, tubalan za su riƙa sulalewa waje, tsagogin tsakiya su faɗaɗa, duk yashin da ka zuba ya tafi. Gangaren kuma ya kasance kamar santimita 1.5 zuwa 2 a kowace mita, yana kai ruwa nesa da bangon gida.

Za a yi maka tallan man shafawa mai sheƙi da ake cewa yana rufe daɓe. Yana da amfani: yana rage shan mai, yana ƙanƙame yashin tsaga, yana fito da launi. Amma ba ya gyara lotsawa, ba ya hana iri sauka, kuma duk bayan 'yan shekaru sai an sake. Idan aka shafa shi a kan daɓe mai danshi, sai ya yi fari kamar madara a ƙarƙashin fatar, cire shi kuma aiki ne ja. Wani irin yana ƙara santsi idan an yi ruwa. Ni a ganina, a gidanka wurin ajiye mota ne kaɗai ya cancanci wannan kuɗin, shi ma bayan an gama gyaran ƙasa, an wanke, an zuba yashi. Kafin a shafa, ka manna ɗan yankin leda a kan daɓen da salatif ka bar shi ya kwana. Idan da safe ka ga gumi a ƙarƙashin ledar, wurin bai bushe ba, ka ƙara masa kwana biyu ka sake gwadawa.